Maficin Inna a Idon Kyamarata

Sati uku likita ya ba mu, ni kuma na kashe kwana goma sha tara a ciki wajen neman kyamara. Har yau in na tuna sai in ji kamar in kwaɗa wa kaina mari.

Maƙoƙo ne ya fito wa Inna, mahaifiyata. Shekara da shekaru tana rufe shi da mayafi tana cewa ba komai, sai da ya fara shaƙe ta in ta kwanta sannan ta yarda muka kai ta asibiti a Kano. Likitan ya ce aiki za a yi, ya sa rana. Da muka fito ya ja ni gefe ya ce kada in tayar da hankalina, ana yi ana tashi lafiya, sai dai wani lokaci murya ba ta komawa yadda take. Ta wasu takan dishe, ta wasu takan yi ƙasa. Ya faɗa kamar mai ba da labarin ruwan sama. Ban ga laifinsa ba, bai taɓa jin Inna tana waƙar niƙa ba.

Ni ma ɗin, in gaskiya za a bi, ban taɓa ji yadda ya kamata ba. Ni ne ɗan farinta. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata a Gwarzo, Inna tana can Gude. Ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, ba ta yi mini magana kai tsaye. In na je gaishe ta na durƙusa, bango take amsa wa. In tana da saƙo, sai ta dubi wanda ke kusa ta ce, "A gaya wa mutumin Gwarzo," alhali ina zaune taku biyu tsakaninmu. Na haura arba'in, ga furfura a gemu, ina koyar da 'ya'yan mutane a sakandare, amma ni ne dai mutumin Gwarzo. Na san kunyar ɗan fari ce, ba ƙiyayya ba ce. Sanin bai taɓa hana abin ci mini rai ba.

Inna ba ta cin tuwon garin inji, wai warin ƙarfe yake yi mata. Kullum da hantsi takan durƙusa gaban dutsen niƙanta a bayan ɗakinta ta niƙa 'yar dawar da za ta ishe ta, tana yi tana waƙa. Wasu waƙoƙin a bakin uwarta ta tsince su, wasu ita ta ƙaga abinta. Ƙannena duk sun tashi a cikinsu, har amshi suke yi mata. Ni kuwa wutsiyar waƙa kawai nake samu. In na sauka daga babur a ƙofar gida zan jiyo ta daga zaure, ina yin sallama sai ɗif, dutse kaɗai ke ci gaba. Akwai ranar da na ƙi yin sallamar, na laɓe a zaure kamar ɓarawon akuya, ban samu baiti biyu ba tari ya tona mini asiri.

Shi ya sa tun a motar dawowa daga asibiti na ƙudurta cewa kafin wuƙa ta taɓa maƙogwaron nan sai na ɗauki waƙar. Na ce wa kowa don jikoki nake yi. Ƙarya ce, ko in ce rabin gaskiya. Ni nake so in ji waƙar uwata guda ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ba ta bayan katanga ba.

Tunda ba za ta rera a gabana ba, dole in bi ta hannun autarmu, wadda ke aure a Kabo. Ita ce 'yar gaban goshin Inna, su yi hira, su yi faɗa, su ci a kwano ɗaya. Yarinya ce mai baki, tun tana ƙarama ba ta bar mini ta kwana. Na kira ta na yi mata bayani, ta ce, "Yaya, wannan ai ba abin ɗaga murya ba ne. Ba ga waya ba?" Washegari ta je Gude ta ɗauka da wayarta ta turo mini.

Na buɗe a ofishin malamai, na sa a kunne. Iska ce ta fara yi mini maraba, buu, buu, kamar ana kaɗa tabarma. Sai zakara. Zakaran nan wallahi kamar a cikin wayar ya kwana. Sai injin niƙan maƙwabta ya tashi. Can ƙarƙashin duk wannan, in ka kasa kunne sosai, za ka ji wata 'yar murya kamar daga ƙasan rijiya. Hoton kuwa, rabinsa ɗan yatsan autar ne, rabinsa sama. Na kira ta na ce wannan wace irin ɗauka ce, ta ce ita dai ta danna inda ake dannawa, in ina son wanda ya fi haka in kawo abin da ya fi waya. Na kashe ba sallama, don ta fi ni gaskiya.

Kuɗin da ke hannuna ba wani abin kirki ba ne, albashin malami ne da ya riga ya sha aikin asibiti. Don haka na fara da neman shawara wajen wani mai ɗaukar bidiyon biki a nan Gwarzo. Na same shi a shagonsa, muka gaisa har da tambayar iyali da damina, sannan na ce kyamara nake nema mai sauƙin kuɗi wadda ke kama murya tsaf. Ya yi dariya ya ce, "Malam, wa yake damuwa da murya? Mu hoto muke ɗauka, in mun dawo mu share sautin mu ɗora kiɗa a kai." Na ce to ni kiɗan nake so in ɗauka, tsohuwa ce za ta yi waƙa. Ya ce ai shi ke nan, shi zai zo da kansa, da fitilu biyu da janareto. Na dube shi. Matar da ba ta waƙa a gaban ɗan da ta haifa, ita za a kai wa ƙato da fitilu da janareto har bayan ɗakinta? Na ce Allah ya saka da alheri, na tashi. Har na kai ƙofa yana ce mini zai yi mini ragi.

Ranar Asabar na shiga motar Kano. Shago na shiga, shago na fita, kuma ko'ina karatu ɗaya ake biya mini. Wannan tana ɗauko gashin ƙuda. Wannan in ka tsaya nan za ta jawo maka mutum daga wancan titin. Wannan ko a duhu tana gani. Ni kuma in ce, "Sautinta fa?" sai a dube ni kamar na tambayi ko tana dafa shayi. A ƙarshe na faɗa hannun wani mai shago, dattijo-dattijo, mai tabon sallah da lallausan harshe. Shi kaɗai ne bai yi mamakin tambayar ba. Ya ce, "Alhaji, ka zo gida." Ni ban taɓa zuwa ko filin jirgi ba, amma na bar shi. Ya ɗauko wata baƙa mai sheƙi ya ce wannan akwai wani abu a cikinta mai share hayaniya, iska ko inji ko kukan dabba, duk sai ta tace ta bar maka muryar mutum zalla. Muka gwada a nan bakin titi, ina magana ana ta hon. Da aka kunna, ga muryata tar, motoci sun koma can nesa. Na ce ikon Allah. Na biya ban ko yi cinikin kirki ba, na rungumo ta kamar jaririya har Gwarzo.

Na kai wa auta, na koya mata, ta tafi Gude. Kwana biyu Inna ba ta jin daɗi ba ta yi niƙa ba, sai a na uku aka samu. Da aka kawo mini na kunna, hoto kam sai wanda ya gani, har zanen kaba na tabarma ana ƙirgawa. Ga Inna a durƙushe, bakinta na motsi. Amma abin da ke fitowa, Allah ya sawwaƙe. Na'urar nan mai wayon tsiya ta ɗauki gurzar dutse a matsayin hayaniya, ta bi shi tana sharewa. To Inna kuma a kan gurzar take ɗora murya, duk turawa da kalma, duk jawowa da kalma. Sai ya zama in ta share dutsen ta haɗa da rabin kalmar. Abin da ya rage kamar mutum na kurkurar baki a cikin randa. Ko kalma uku a jere ban tsinta ba. Rabin kwanakin likita sun tafi.

A nan ne na yi wautar da ta fi kowacce, kuma da cikakken hankalina na yi ta, har ina jin kaina mai dabara. Na ce tunda dutse ne matsala, a cire dutse. Na je Gude da kaina, na sa aka share ɗakin Inna, aka shimfiɗa sabuwar darduma, na rataya bargo a taga don iska, na roƙi mai injin maƙwabta ya jinkirta zuwa azahar, zakara ma na sa aka kife shi da kwando. Sannan na durƙusa a bakin ƙofa na ce wa auta, yadda Inna za ta ji, ta roƙa mana Inna ta zauna a nan ta rera, ba sai ta wahalar da kanta da niƙa ba.

Inna ta dubi dardumar, ta dubi bargon, ta ce wa auta, "A tambayi mutumin Gwarzo, a makarantar tasu haka ake yi? A yi waƙar niƙa ba niƙa?"

Auta ta juyo da fuskar munafunci ta ce, "Yaya, wai an ce a tambaye ka."

Na ce, "Na ji, ba kurma ba ne ni."

Duk da haka ta gwada, don kada a ce ta ƙi. Na fita har ƙofar gida na zauna a kan dakali. Bayan kamar rabin awa auta ta fito tana girgiza kai. Ta ce Inna ta fara sau uku tana tsayawa. Baitin farko yakan zo, na biyu sai ya ɓace. Wai har hannunta take turawa a iska ko zai dawo, bai dawo ba. Ta ce numfashin waƙar a cikin turawar yake, in ba nauyin dutse a hannunta ba ta san inda za ta shaƙi iska ba. Daga ƙarshe ta ce a saki zakaran mutane, bai yi wa kowa laifi ba. Na hau babur na koma Gwarzo, ina tafe ina zagin kaina a fili, har wani mai amalanke ya waiwayo.

Abin da na gane a hanyar nan shi ne, ba mai share hayaniya nake buƙata ba. Mai gaskiya nake buƙata, wadda za ta ɗauki abin da kunne ya ji ba ta sa ra'ayinta ba, dutse a matsayin dutse, murya a matsayin murya. Na kuma rantse ba za a sake gwada mini kyamara da surutu a bakin titi ba. Da abin da za ta ɗauka za a gwada ta.

Na ari ƙaramin dutsen markaɗe da ɗansa a wajen maƙwabciyarmu, na sa a buhu, na ƙulla dawa a leda. Direban motar Kano ya ɗaga buhun ya ce, "Malam, gini za ka yi a birni?" Na ce masa ya sa a but ɗin mota ya bar ni da abin da ya dame ni. Na sauka, na saɓa dutsen nan a kafaɗa, gumi har cikin takalmi, na dire shi a tsakiyar shagon mai lallausan harshe. Na ajiye masa baƙar kyamararsa a kan kantar shagon na ce ba ta yi ba. Ya ce, "Alhaji, ai kaya in ya fita ya fita." Na ce ban zo faɗa ba, musanya na zo, amma yau duk abin da zai ba ni sai ya ci jarrabawa. Na naɗe hannun riga, na durƙusa, na zuba dawa, na fara niƙa.

Dole kuma a haɗa da murya, ni kuwa muryata ta kwaɗo ce, ba ni da waƙa ko ɗaya a ka. Sai na kama abin da na iya. Ina turawa ina rera biyu sau biyu huɗu, biyu sau uku shida. Kafin in kai gidan biyar maƙwabtan shago sun cika ƙofa. Wani ya ce a kira 'yan'uwansa, wani ya ce a'a, malamin makaranta ne, haka suke komawa. Ban kula kowa ba. Ya kunna wannan, in niƙa, in sa abin ji a kunne, in ce a'a. Wannan tana ƙara sauti da kanta in an yi shiru, ta rage in an ɗaga murya, kamar ana wasa da ƙofa. Wannan tana mayar da dutse kamar ana soya ƙosai. Wannan tana da kyau amma kuɗinta sai na sayar da babur. Kyamara shida muka bi, gari ya fara taruwa a ƙasan shagon mutum.

Da ya ga ba ni da niyyar tashi, sai ya ja tsaki ya buɗe wata durowa ta ƙasa, ya zaro wata 'yar ƙarama ta hannu, duk ta goge, ba ta fi sabulun wanki girma ba. A kanta akwai makirfo biyu sun gitta juna, da ɗan soso da ake sa musu kamar hula saboda iska. Ya ce wani mai koyon gurmi ne ya kawo ta ya karɓi waya, tun lokacin ba wanda ya taya. Na niƙa, na rera gidan bakwai, na saurara. Ga dutse da nauyinsa, har ƙarar ƙwayar dawa in ta fashe, ga muguwar muryata a zaune a kai ba abin da ya taɓa ta, har numfashina ina ji. Mai shago ya ce, "Amma fa in gaya maka gaskiya, hotonta ba shi da kyau, dishi-dishi ne." Na miƙe, gari a gwiwa, na ce da ƙarfi yadda duk 'yan kallo za su ji, "Ni ba hoto na zo nema ba! Ko baƙi ƙirin za ta nuna, in dai za ta ji, ta gama mini komai." Ya karɓi tasa ya ba ni wannan, har ya taya ni ɗora dutsen a kafaɗa don in yi in tafi.

Maganar nan tawa ta yi mini daɗi a baki, shi ya sa na sake maimaita ta ga auta, kalma da kalma, ranar da muka haɗu a Gude. Saura kwana biyu aiki, washegari za mu wuce Kano a ba Inna gado. Wannan hantsin kaɗai ya rage. Tun kafin Inna ta fito na je bayan ɗakinta na kife turmi, taku ɗaya da rabi daga dutsen, na ɗora 'yar na'urar a kai, na saita ta daidai inda fuskarta za ta kasance. Na sa sabon batir, na sa mata hularta. Na ce wa auta, "Ki danna jan nan, ki ga ya kama, ki cire hannunki. Kada ki ɗaga, kada ki matsar, kada ki yi mini gwaninta. Hoto bai dame ni ba, sautin nake so." Ta ce, "To, shugaban 'yan niƙa." Labarin shago ya riga ya iso gida, ban san ta wace hanya ba.

Wannan karon ko dakali ban zauna ba. Na tafi can bakin masallaci, inda ko tarina ba za a jiyo ba, na zauna ina kallon awaki. Sai da rana ta take sannan auta ta aiko a kira ni. Ta miƙo mini na'urar a zaure ta ce an yi, kuma an yi da yawa. Na lura idonta ya yi ja, na ɗauka hayaƙin murhu ne. Ban tsaya ba, na ce a gaida Inna, na kama hanya, don ba na so in saurara a inda wani zai ga fuskata.

A ɗakina a Gwarzo, bayan la'asar, na rufe ƙofa na kunna. Ga bayan ɗakin Inna, ga dutse, ga Inna ta shigo da ƙwaryar dawa. Ta durƙusa, ta gyara zane, sai ta ɗago ta dubi na'urar ido cikin ido. Na ji ta ce, "Wannan abin kallona yake yi?" Auta ta ce e. Ta ce, "In an gama wa zai gani?" Auta ta ce, "Mutumin Gwarzo mana." Sai na ga hannun Inna ya miƙo, ya ɗauko maficinta na kaba, ya jingina shi a fuskar kyamarar. Shi ke nan. Saƙar kaba, da ɗan haske yana ratsowa ta ramukanta. Na ji auta ta ce, "Bar shi, Inna, dama ya ce shi hoto bai dame shi ba."

Na buga cinya na ce haba, haba, haba! Kwana goma sha tara, Kano sau biyu, dutse a kafaɗa, a ƙare a mafici? Har na ɗauki waya zan kira auta in wanke ta tas, sai dutse ya fara. Na ajiye wayar.

Ashe haka muryar uwata take. Siririya ce amma ba ta rawa, tana hawa kan turawar dutse ta sauko da jawowa, kamar tare aka halicce su. Ta fara da tsokanar dawa, wai ta bi ta a hankali, hannunta ba na haya ba ne. Ta yi wata a kan masu ci suna barcin hantsi, auta na amshi suna dariya. Zakara ya yi cara sau biyu, ya zauna a wurinsa can baya, bai dame ni ba. Na zauna a bakin gado na kasa ko gyara zama.

Can wajen ƙarshe ta shiga wata da ban taɓa jin ko wutsiyarta ba. 'Ya'yanta take bi ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa zuwa sama. Kowa da baitinsa, a ƙarshen baitin ta kira sunansa sau biyu, turawa ɗaya suna ɗaya. Ta fara da auta mai cinye ƙanzo, ta kira ta. Ta yi na wanda auta ke bi, ta kira shi. Haka har mutum biyar. Ina ƙirgawa da yatsa, don na san wanda ya rage. Sai ta ce:

Ga na fari, ɗan gidan wasu,
An ɗauke min shi ran kasuwa,
Na bi su da ido har bakin rafi,
Ban yi kuka ba, don ana kallona.

Daga nan sai dutse. Turawa, jawowa, turawa, jawowa, ba murya. Sannan ta ja numfashi ta koma kan dawa.

Na mayar baya na sake ji. Na sake. Na ƙure sautin har kunnena ya yi zafi. Dutse ne kawai, da wani ɗan motsi kamar na zane. Raina ya ɓaci, na ce shi ke nan, wannan tsohuwar na'urar ma ta ci amanata, ta rasa inda za ta yanke sai nan. Na kira auta ban ko amsa gaisuwarta ba, na ce me ta taɓa, ban ce kada ta taɓa komai ba? A daidai wuri ɗaya murya ta ɗauke, wuri ɗaya tak a cikin waƙa kusan awa guda.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, ba tsokana a muryarta ko kaɗan, "Yaya, na'urarka lafiyarta ƙalau. Inna ce ba ta fitar da murya ba. Amma bakinta ya motsa. Sau biyu ta faɗa, ina kallonta."

Ban san me na ce mata ba, ina jin kashewa kawai na yi. Na koma kan hoton, na kai shi daidai wurin, na tsayar. Na ƙara haske har ƙarshe. Na matso da shi, na kanne ido ɗaya, na leƙa ta ramukan saƙar nan kamar mahaukaci, ko zan ga gefen leɓe. Kaba ce dai, da zaren da aka ɗaure bakinta da shi. Ni da bakina na ce ko baƙi ƙirin ne ba ruwana, a gaban shaidu, har sau biyu. Na kifa kai a gwiwa na yi kukan da rabona da shi tun rasuwar kakata, ina yi ina jin haushin Inna, da auta, da mai shago, da kaina fiye da kowa.

An yi aiki, alhamdu lillahi, Inna ta tashi. Muryar ce ba ta tashi da ita ba. Tana magana, amma ƙasa-ƙasa, a dishe, in ta ja zance sai ta huta. Niƙa tana yi har yanzu, shiru.

Kwana biyu bayan aikin ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin da aka kwantar da ita, auta na zaune a gefen gado tana ba ta ruwa da cokali. Inna ta yafito ta, ta yi mata raɗa, amma ɗakin shiru ne, na ji. Ta ce, "Abin nan nasa, ya ɗauka?" Auta ta ce ya ɗauka. Ta ce, "Duka?" Auta ta juyo ta dube ni.

Na ce daga inda nake, "Duka ya ɗauka, Inna. Na ji."

Ta juyar da fuska bango, ta ja mayafi ta rufe bakinta. Sannan ta taɓa hannun auta ta ce a gaya wa mutumin Gwarzo ya daina tsayuwa a kan mutane, ya je ya nemi abin da zai ci.